Shekarar Da Rajab Ya Yi Nuƙusani

A Makka aka haife ni, a Nakkasa, can saman dutse inda mota ba ta hawa sai dai mutum ya bi matakala yana haki. A nan aka haifi mahaifina ma. Amma fasfo ɗina kore ne, na Najeriya, ƙasar da har na kai shekara talatin da shida ban taɓa taka ta ba. Kakana ne ya ja mana. Shi da amininsa suka taho a ƙafa daga ƙasar Kano. Da lokaci ya zo ana ba mazauna takardar zama ɗan ƙasa, aminin ya karɓa, shi kuwa kakana ya ce baƙon Allah ne shi, hajjin baɗi kawai zai yi ya koma gida. Har ya rasu baɗin nan bai zo ba.

Jikan aminin nan, Faisal, shi ya zama kafilina, wato takardar zamana, iƙama, a ƙarƙashin sunansa take. Tare muka buga ƙwallo a lungu, tare muka sha bulalar malami ɗaya. Da muka girma ya zama mai shago a Rusaifa, ni na zama mai tsaron shagon. Darduma muke sayarwa da carbi da hula da harami. Shekara goma sha huɗu ina buɗe shagon nan ina rufewa, kuma ko da wasa bai taɓa kirana da komai ba sai ya akhuya, ɗan'uwana.

Shi ya aike ni Indonesiya in zaɓo huluna da mayafan salla. Ya yi mini bizar fita da dawowa, wadda irinmu ba ma barin ƙasar sai da ita. A jikinta an buga ranar ƙarshe da zan iya shigowa: ɗaya ga Sha'aban. In ranar ta wuce kana waje, ƙofa ta rufe, sai in kafilinka ya ga dama ya ƙara maka kwanaki. Na san wannan kamar yadda na san sunana.

Na gama aikina, na sa kaya a hanya da sunan Faisal, na kamo hanyar gida. Jirgin ba kai tsaye yake zuwa Jidda ba, sai ya sauke mu a wani tsibiri a tsakiyar teku, mu jira wani. Ba zan faɗi sunan tsibirin ba, don ba shi ya yi mini laifi ba. Mun sauka da hantsi, ranar ashirin da tara ga Rajab, kuma jirginmu na Jidda sai bayan la'asar.

Tun daga tagar jirgi tsibirin ya tafi da hankalina. Ku da kuka tashi kuna ganin damina ba za ku gane ba. Ni duwatsu baƙaƙe na buɗe ido na gani, da siminti, da ƙurar rusau. Koren da na sani shi ne na darduma. Ga shi nan a ƙasa ko'ina itatuwan kwakwa, ruwa yana sheƙi a tsakaninsu, har ƙasar ma ba a gani. Na zauna a zauren jira na manna goshi da gilashi, ina kallon abin da ba zan taɓa ba. Ban taɓa yin hutu ba a rayuwata. Lokacin da mutane suke hutu, Ramadan da hajji, shi ne lokacin da muke kwana biyu ba mu zauna ba.

Wajen azahar aka yi sanarwa cewa jirgin ya cika ya yi yawa da masu umara. Duk wanda ya yarda ya bar kujerarsa, za a ba shi takardar shiga gari ta kwana biyu, a kai shi otel a bakin teku, ci da sha kyauta, ya hau na jibi. Kafin a gama maimaita sanarwar na miƙe.

Ga lissafin da na yi a tsaye, a kan yatsuna. Ummi, mahaifiyata, ba ta taɓa rataye kalanda a ɗakinta ba. Yadda kakana ya koya wa gidan haka take ƙirga wata: ɗaya cikakke mai kwana talatin, na bayansa nuƙusani mai ashirin da tara. Muharram cikakke, Safar nuƙusani, haka har a zo Rajab, cikakke. Tun ina yaro na haddace shi. A shago akwai kalandar bango da nake yagar mata ganye kullum, ban taɓa tsayawa na duba ko ta dace da yatsun Ummi ba. To, na ce yau ashirin da tara, gobe talatin, jibi ɗaya ga Sha'aban. Jirgin jibi zai sauka Jidda da sauran rana. Daidai wa daida.

Matar da ke kan teburin ta karɓi takardata ta juya ta, ta sake juyawa. Ta ce ita ba ta iya karanta irin wannan kwanan wata ba, in ɗan jira ta kira wani abokin aikinta ya duba a na'ura. Da guntun Turancina na kanti na ce mata ta bar shi.

"Ni ɗan Makka ne," na ce. "Ba a nan za a koya mini lissafin wata ba."

Ta dube ni, ta ɗaga kafaɗa, ta buga hatimi. Har yau ina ganin fuskarta. Ba ta yi mini komai ba sai alheri, ni na ƙi karɓa.

A ƙofar otel na haɗu da Nizam, mai keke mai ƙafa uku, baƙi siriri mai furfura a gemu. Ya ji ina amsa waya da Larabci sai ya matso ya yi sallama. Ashe ya yi shekara shida yana tuƙi a wani gida a gabashin Saudiyya, kuma a shekara shidan nan maigidansa bai taɓa barinsa ya je umara ba. Kullum sai a ce masa baɗi. Da ya ji daga inda nake, sai ya kama hannuna da hannu biyu ya shafa a fuskarsa. Na ji kunya, amma gaskiya na ji daɗi. A Makka ba wanda ya taɓa shafa hannuna. Takaruni ake ce mana, sunan raini ga baƙaƙen da asalinsu Afirka ne, wani lokaci a bayan ido, wani lokaci a gaban ido.

Ranar nan Nizam ya zaga da ni ko'ina. Ya kai ni inda masunta suke jan koma su ashirin a igiya ɗaya, hankaki na shawagi a kansu. Ya sa aka fasa mini kwakwa mai launin ruwan goro na sha har uku. Ruwan sama ya sauko muna kan hanya, na ce ya tsaya, na fita na tsaya a ciki da jallabiyata, mutane na cikin shaguna suna dariya. Ban damu ba. A wata kasuwa na ga kirfa, ba gari ba, ɓawon itacen a nannaɗe, tsawon kamu guda, ƙamshinsa tun daga nesa. Ummi ba ta shan shayi sai da kirfa. Na saya mata ƙunshi babba.

Da magariba ta yi ya kai ni masallacin unguwarsu, kuma kafin in cire takalmi ya gama shelanta cewa ga mutumin Makka. Suka tura ni gaba dole. Ni da karatuna bai wuce izu biyu ba, na ja su salla da gajerun surori, amma da irin muryar da kunnena ya saba ji daga Harami. Da na sallame na tarar da tsofaffi suna share hawaye. Aka yi layi ana gaisawa da ni, wani ya kawo jikarsa in tofa mata addu'a. Na koma otel ina jin kaina wani abu.

Washegari da rana ina zaune a bakin teku, ƙafafuna cikin yashi, kwakwa a hannu, na kira Ummi don ta ji ƙarar ruwa. Na riƙe mata wayar ta saurara, ta yi dariya ta ce kamar injin wanki. Ta tambayi abincinsu, ta tambaya ko ina samun salla a kan lokaci. Har za mu yi sallama sai ta ce:

"Af, Bakur, barka da shiga Sha'aban."

Na ce, "Gobe dai, Ummi. Yau talatin."

"Haka ni ma na ɗauka, wallahi. Sai ƙanwarka Zainab ta ce a'a, bana Rajab nuƙusani ya yi, yau ɗaya. Ka ga zamani, har wata ya daina bin ƙa'ida. Yaushe za ka shigo?"

Ban san lokacin da kwakwar ta faɗi ba. Na ce mata ina nan tafe, na kashe wayar. Tsoro na ji. Yau ce ranar ƙarshe, ni kuwa ina zaune a yashi, teku tsakanina da gida.

Nizam ya tuƙa keken nan kamar zai tashi sama. A filin jirgi na bi tebur tebur ina roƙo, kowane kamfani, ta kowace ƙasa, in dai zan taka Jidda kafin ranar ta fita. Jirgin da zai kai ni ya tashi tun da safe, lokacin ina cin gurasa da miyar kwakwa ina kallon teku. Sauran duk sai gobe suke isa. Wani mutum mai kwat ya ja ni gefe ya ce ya san wanda zai gyara kwanan watan a na'ura, in ba shi agogona ya riƙe ya je ya dawo. Na cire na ba shi. Ni da na yi shekara goma sha huɗu ina gane ɓarawo tun daga bakin ƙofar shago. Bai dawo ba.

Sai na kira Faisal. Abin da ake bukata a hannunsa yake, kuma ba wani abu ne mai wuya ba, ya nemi a ƙara mini kwanaki. Na gaya masa komai, ban ɓoye wautata ba. Ya yi dariya sosai, ya ce kwakwa ce ta ɗauke mini hankali, ya ce kar in damu, in sha Allah. Na ce yau fa. Ya ce in sha Allah. Mu mutanen Makka mun san in sha Allah kala-kala ce, kuma wannan na gane kalarta, na dai ƙi yarda.

Ranar tafiya na zo da wuri na shiga layi kamar kowa. Wannan karon an duba a na'ura. Aka ce bizata ta mutu jiya, ba za a ɗauke ni ba. Matar nan ta ranar farko tana tebur na gaba. Ta gane ni, ta sunkuyar da kai, kuma hakan ya fi mini zagi ciwo.

Takardar shiga garin ma ta ƙare, don haka ba fita ba shiga. Aka ajiye ni a zauren jira. Ina zaune ina kallo masu umara suka fito daga banɗaki cikin harami fari fat, irin wanda nake sayarwa, wasu ma sun ɗaura shi a karkace. Wani tsoho ya zauna kusa da ni, ya ji ina Larabci, ya tambaye ni yadda zai yi in ya sauka. Na yi masa bayani dalla-dalla: inda zai hau mota a Jidda, ƙofar da ta fi sauƙin shiga da keken matarsa, lokacin da ɗawafi ya fi sauƙi, lungun da ake sayar da abinci mai araha. Ya yi ta godiya yana cewa Allah ya kai ni ni ma wata rana. Aka kira jirginsu, suka tashi suna talbiyya, na bi su da ido har ƙofar ta rufe.

Kwana huɗu na yi a zauren nan. Na san kowace kujera, na san wadda hannunta ya karye har mutum zai iya miƙewa. Kullum da rana wata mai shara takan ajiye mini ƙunshin shinkafa da kifi a ganyen ayaba, ta ce daga Nizam, ta wuce. 'Yar ƙanwarsa ce. Ban sake ganinsa ba, ban kuma taɓa yi masa godiya ba. Shi a ransa mutumin Makka yake ciyarwa.

Faisal kuwa ya daina ɗaukar waya. Rana ta uku na tura Zainab shagon. Ta kira ni tana kuka, ta ce ta tarar da ƙanin matar Faisal a kan kujerata, da makullaina a hannunsa. Dama an daɗe ana matsa wa masu shaguna su sa 'yan ƙasa tsaron shago, kuma Faisal ya rasa yadda zai kalli idona ya sallame ni. Sai ga shi na sallami kaina. Zainab ta tsaya a shagon ta ƙi tafiya har ya zo, ta miƙa masa wayarta.

Na ce, "Faisal, kakanninmu tare suka taho."

Ya ce, "Sahih, ya akhuya. Amma nawa ya zauna, naka ya ce zai koma. To ga shi Allah ya cika masa burinsa a kanka. Je ka ga ƙasarku, ai an ce akwai kore sosai."

Bai faɗe shi da faɗa ba. Cikin natsuwa ya faɗa, kamar mai ba ni shawara. Kaya kuwa sun iso masa lafiya, har ya ce hulunan sun yi kyau.

Hukumar tsibirin ba ta da inda za ta kai ni sai inda fasfo ya nuna. Haka aka ɗora ni a jirgi, aka sauke, aka sake ɗorawa, har Kano. Jami'in da ya buga mini hatimi ya ce barka da dawowa gida. Na fito da jaka ɗaya da ƙunshin kirfa, na tsaya a rana, ban san ko hagu zan yi ko dama ba.

Wani ɗan jikan ƙanin kakana ne ya karɓe ni a Fagge, Allah ya saka masa. Amma gari bai karɓe ni da sauƙi ba. In na yi magana sai a kwaikwaye ni, don Hausata ta tsofaffi ce, rabinta kuma Larabci. In na ce khalas a yi dariya, in na ce tayyib a yi dariya. Can ana ce mini Takaruni, nan kuma korarren Makka. Ba wanda ya yarda cewa kwana ɗaya ne ya raba ni da gida. Kowa ya fi son ya ji cewa kama ni aka yi ina sata a Harami. Na samu aiki a wani shagon jallabiya, na kuma samu labarin cewa wanda bizarsa ta mutu a waje sai ya yi shekara uku kafin a sake duba shi.

Ummi ban taɓa gaya mata gaskiya ba. Na ce jirgi ne ya lalace, na roƙi Zainab ta rufa mini. Ta yaya zan ce mata da yatsunta na yi lissafi? Ba laifinta ba ne, nawa ne, amma na san ta, da ta ɗauka ta ɗora a kanta. Na ce zan ba masu umara kirfarta su kai mata, ta ƙi.

"Kar ka aiko," ta ce. "Ka kawo da hannunka. Rajab uku ne kawai, ina ƙirgawa."

Ta ƙirga ɗaya, ta ƙirga biyu. A tsakani aka shafa wa gidanmu jan fenti na rusau, suka sauko daga dutsen suka kama ɗaki a Tandabawi. Tun daga nan jikinta ya ƙi. Wata safiya Zainab ta kira, tun kafin ta yi magana na gane. Ta ce za a yi mata salla a Harami bayan la'asar.

La'asar ɗin Makka tana riga ta Kano da kusan awa biyu. Na rufe shago na shiga wurin wani mai aski da ke da talabijin, na roƙe shi ya kamo tashar da ke nuna Harami kai tsaye. Ya kamo. Ga Ka'aba, ga tattabaru, ga dutsen da na san bayansa unguwarmu take, ko abin da ya rage daga cikinta. Aka yi salla, aka sallame. Sai ladan ya yi kiran da na ji sau dubbai ina tsaye a wajen ban taɓa tambayar ko su wane ne ba, kiran salla ga mamata. Ba a nuna gawarwakin. Sahu kawai ake nunawa, da bayan mutane. Ummi tana can wani wuri a gefen hoton, inda ba ya kaiwa.

Na miƙe tsakanin kujerun aski, gashin mutane a ƙarƙashin ƙafata, na ɗaga hannu tare da liman. Wani dattijo da ake yi wa gyaran fuska ya juyo da kumfa a haɓarsa ya ce:

"Malam, ai ba a bin liman ta talabijin. Ba ta yi ba. Ku je ku yi karatu."

Na buɗe baki zan ce masa ni ɗan Makka ne. Sai na tuna ranar da na faɗi haka ta ƙarshe, da matar da na faɗa wa. Na ƙarasa kabbarorina huɗu. Duka-duka abin bai fi minti biyu ba. Liman yana yin sallama mai askin ya tambaye ni ko na gama, don an kusa fara ƙwallo. Na ce na gama.

Rajab na ukun ya zo ya wuce, ban nemi biza ba. Kirfar tana nan a jakar da na zo da ita, a nannaɗe cikin jaridar tsibirin da ban iya karanta rubutunta ba. Na kan buɗe wani lokaci. Ƙamshin ya kusa ƙarewa.